Galan Ɗin da Na Ajiye a Ƙasa

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare idanun Kaka suka fara hazo. A asibitin Kazaure aka ce yana ce, sai an yi aiki. Kaka ta ce ba mai sa mata wuƙa a ido. Ruwan rijiyar wani malami take so, wanda aka binne a wani ƙauye bayan Gwiwa, inda ake zuwa ziyara. Baba bai yarda da irin wannan ba, don haka Gwaggo, ƙanwarsa, ta ɗauke ni muka tafi ranar Asabar.

Ƙauyen bai kai unguwarmu girma ba. Kabarin yana cikin ɗakin ƙasa mara rufi, takalma jibge a ƙofa. Wata mata daga Nijar ta jingina goshi da bango, kafaɗunta na rawa. Tsohon da ke kula da rijiyar ya cika mana galan.

"Hajiya, sharaɗi ɗaya ne," ya ce wa Gwaggo. "Kada ya taɓa ƙasa sai ya isa ga mai shi."

Na rungume galan ɗin a cinya a kan acaɓa, sanyinsa na ratsa hijabina. Kafin mu kai garin Roni babur ya nutse a rairayi, muka sauka, Gwaggo na taya ɗan acaɓan turawa. A nan ƙaya ta soke ni a diddige. Ban yi tunani ba, na ajiye galan na cire ta. Da na ɗaga, ga shatinsa a rairayi. Na goge da ƙafa. Ba wanda ya gani.

A gida Kaka ta laluba hannuna.

"Takwara, kin sha ɗauka. Ba ki dai ajiye ba ko?"

"A'a, Kaka."

Kullum da safe ni ke zuba mata a tafin hannu ta wanke ido, sannan in ɗaga yatsu ta ƙirga.

"Uku ne, ja'ira."

Biyu ne. Baba ya sake zancen asibiti, ta ce a bari ruwan ya gama aikinsa. Na san idan na faɗa, cewa za ta yi a koma a ɗebo wani, asibiti ya ƙara nisa. Idan na yi shiru, za ta ci gaba da jiran ruwan da na riga na ɓata.

Galan ya kai rabi. Na riƙa rage abin da nake zuba mata, ban san ko so nake ya ƙare ko kada ya ƙare ba.