Kumatun Yaya Haruna

Shekara tara ke nan da rasuwar wana Haruna, kuma har yau in aka ambace shi a kasuwar Tanut sai wani ya ce, "Wanne, Mai-kumatu?" Ni lakkol ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, amma bana sai na rubuta. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa.

Shi ke riƙe da makullin magaze, ɗakin ajiyar hatsi na ƙauyenmu. Shekarar da damina ta yi gardama kowa ya rame, har tumaki, shi kuwa ya kama ƙiba. Fuska ta zama faifai, tumbi ya fito, ƙeya ta yi tozo kamar na bijimi. Ƙafafu sun koma karan gero, amma wa ke leƙa cikin wando? Mutanen Damargu in sun ga kumatu ba su neman shaida. Kawu Isufu ya tare shi a ƙofar masallaci: "Haruna ɗana, in za ka ci, ci a hankali, fuskarka na tona ka." Aka karɓe makullin.

Sai da ya kasa miƙewa daga tsugune aka kai shi Damagaram, daga can Yamai. Likita ya sa kan Yaya cikin na'ura, ya ce wani ƙulli ne ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, bai kai ƙwayar wake ba, shi ke sa jiki zubo wani sinadari, kortizol, fiye da kima. Ta hanci aka shiga aka ciro shi. Ta hanci! Da na faɗa a gida, Kawu ya ce, "Kai Sale, ko ƙaryar ma ba ka iya ba. Ina tabon?" Babu tabo. Laifin likita ke nan, ya yi aiki mai tsabta.

Yaya ya dawo yana shan ƙwayoyin magani, kumatu suka sauka. Na ce to, gaskiya ta fito. Ina! Cewa suka yi tunda an raba shi da magaze dole ya rame.

Shi dariya yake yi, ni ke zagi. Ya yi shekaru garau, maciji ne ya zama ajalinsa a gona. Da yana nan yau, da ya ga samari na nuna wa juna irin aikin nan a waya suna salati, iyayensu kuwa ko ɗaya bai tako ya ce mana a yi haƙuri ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ka bar 'ya'ya masu amana, kuma sirara, alhamdu lillahi. Autan ne kaɗai ya fara cika bana. Na kai shi an duba, lafiyarsa lau, son tuwo ne. Duk da haka, ranar da aka ce shi zai riƙa ajiyar tabarmin masallaci, da kaina na je na ce a nemi wani.