Jinin Baba Sahabi

Har yau ban manta da ranar da Baba Sahabi ya ƙi karɓar kwalbar fitsari daga hannuna ba. Lokacin ina ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a wani asibiti a Goronyo. Shi kuwa dattijon masunci ne daga Rimawa, mai su a dam ɗin Goronyo, ya zo da tari da kasala da ƙaiƙayin jiki da suka ƙi jin magani.

Likita ya turo shi awon jini. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da muke kira iyosinofil. Aikinsu yaƙi da tsutsotsi, kuma sukan ƙaru idan mutum yana da asma ko jikinsa ya ƙi wani magani. Na Baba Sahabi sun wuce ƙima sosai. A ƙa'idar aiki, ba yawansu ake yi wa magani ba, abin da ya tayar da su ake nema. Shi ya sa likita ya ce a duba fitsari da bayan gida.

Baba Sahabi ya mayar da hannuwansa baya.

"Ɗana, mi za a ƙara dubawa? Likita ya ce ƙwayoyi sun yi yawa. Haka anka ce ma ƙanena a Sakkwato, kansar jini, bai ga damina ba. Bar ni in tahi in mutu cikin ɗiyana."

Na ce, "Baba, ƙwayoyin jini iri-iri na. Ba ni fitsarin. In da wani abu, da idonka za ka gani."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓa. Fitsarin ya fito ja-ja. Ya ce tun yana saurayi haka yake, kuma haka na abokan sana'arsa. Na tace shi, na ɗora a madubin awo, na jawo masa kujera. Ya runtse ido ɗaya ya leƙa.

"Waɗanga masu ƙaya hwa?"

"Ƙwan tsargiya na, Baba. Cikin ruwan dam tsutsar ka shiga fata. Akwai magani."

Sai da ya sake leƙawa kafin ya ce, "To, alhamdulillahi."

Likita ya auna nauyinsa, ya ba shi ƙwayoyin maganin tsargiya, ya ce ya sha bayan ya ci abinci. Da ya dawo bayan 'yan watanni, iyosinofil sun sauka, tari ya tafi. Ruwa dai bai bari ba, don nan ne abincinsa, amma yakan zo awo, wani lokaci da masunta a bayansa.

Tun daga nan nake gaya wa sababbin ma'aikata: kada majinyaci ya fita sai kun tambaye shi abin da ya ji an ce. Sau da yawa ba shi ne abin da muka faɗa ba.