Yaya Dahiru da Motar da Ta Yi Iyayen Gida Uku

A makon nan yayana Dahiru yake cika shekara shida da rasuwa, kuma tun shigowar makon na kasa zama wuri guda. In na gama rabon burodi a shagunan Al Mirqab a nan Doha, maimakon in koma ɗakina a Bin Omran in huta, sai in tsinci kaina ina zagaya titunan Sanaiya, unguwar gareji da sito-sito, alhali ba ni da abin gyara. Garejin da ya yi shekara goma sha ɗaya a cikinsa yanzu wurin wankin mota ne. Sau biyu na tsaya a ƙofarsa, ban iya fitowa daga mota ba.

Yaya makanike ne. A Funtua aka haife mu, a Kaduna ya koyi aiki, shi ne kuma ya nemo mini biza na zo Doha ina tuƙa motar wani gidan burodi. Karatunsa bai wuce firamare ba, amma mutum ne mai son sanin asalin abu. Ba ya taɓa mota sai ya ji inda aka ƙera ta da hannun da ta biyo.

Shekarar da gidan burodin ya sayo mana ƙananan motocin kaya guda shida 'yan Sin, an sha yi mana dariya a hanya. Direbobi 'yan'uwanmu sukan ce mu riƙa tafiya da igiya, don ba za mu ga ƙarshen zafi da su ba. Ranar da na fara kai tawa wurin Yaya juyen mai, ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, har na ɗauka wani abu ya lalace. Da ya fito sai ya zauna a ƙasa yana goge hannu, ya ce, "Nasiru, na san yarinyar nan. A Kaduna na san uwarta."

Ya ce ya taɓa gyara wata farar mota ta hannu da aka shigo da ita daga Ingila, kuma ƙirarta da zaman injinta da giyarta duk ɗaya ne da wannan. Ban yarda ba. Ina Ingila, ina Sin? Amma abin ya hana shi sukuni, har wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya tare Injiniya Bello, wani ɗan Zariya mai aiki a kamfanin gas, ya roƙe shi ya bincika masa a waya. Muna tsaye a inuwar bango Injiniya ya karanta yana fassarawa. Ashe gaskiyar Yaya ce. Wani kamfani ne a Ingila da ya daɗe yana ƙera irin waɗannan motoci, ya shiga matsi, 'yan Rasha suka saye shi, su ma abin ya gagare su, aka rufe masana'antar. Daga baya zanen motar da sunanta da injinan ƙera ta suka koma hannun wani babban kamfanin Sin, aka kwashe su aka ci gaba da aiki a can.

Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ina ma'aikatan Ingilan suka nufa da aka rufe. Injiniya ya duba ya ce rubutun bai faɗa ba. Yaya ya gyaɗa kai kawai. Amma na sha jin yana ba abokan aikinsa wannan labari a gareji, da Larabcinsa na kasuwa, kuma kullum a kan wannan tambaya yake tsayawa.

A lokacin zafi na shekara ta uku famfon kulochin motocinmu ya fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin kuma dillancin motar a nan yana canza hannu, kayan gyara sun daina zuwa. Huɗu cikin shida suka kwanta. Mudir ɗinmu, wato manaja, ya tara mu ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ƙarshen wata zai sayar da motocin ya ba wani kamfanin rabo aikin. Mu shida ne, Hausawa huɗu da 'yan Nepal biyu, kuma duk mun san ma'anar hakan: a soke biza, a ba mutum tikitin komawa gida. Matata tana Funtua da cikin wata bakwai. Kwana uku ban iya cin abincin kirki ba.

Na je na faɗa wa Yaya. Ya ciro mataccen famfo ɗaya, ya naɗe shi a tsumma, ya je ya sami Dakta Aminu, wani likita ɗan Katsina da zai tafi Ingila taro a makon. Ya ba shi ƙarfen da tsohon sunan motar a rubuce a takarda, ya ce ya taimaka ya nemi inda ake yanka tsofaffin motoci. Dakta ya yi dariya ya ce shi bai taɓa shiga irin wurin ba a rayuwarsa. Amma ya shiga, Allah ya saka masa, ya dawo da guda biyu a cikin jakar kayansa.

Ina tsaye a kan Yaya ranar da ya ɗaura famfon a motata. Rami ɗaya kawai ya ɗan goge da zarto, ƙarfen ya zauna kamar don ita aka yi shi. Ya sa ni na kira mudir, ya miƙa masa makulli ya ce yalla, wato maza, ya zagaya da motar da kansa ya gani. Mudir ya dawo yana kallon Yaya kamar yau ya fara ganinsa. A makon ya yi odar sauran daga Ingila, maganar sallama ta mutu.

Shekara ɗaya bayan haka kafil ɗin Yaya, wato mai garejin da ya ɗauki nauyin bizarsa, ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da garejin. Sabon mai wurin masu takardar shaida yake so, waɗanda suka iya na'urar gwajin mota. Aka ba Yaya wa'adin wata ɗaya. Ranar da nake taya shi ɗaure kaya ya ce mini, "Ita motar an sayar da ita har da sunanta. Mu ko sunan ba a tambaya."

A ranar ya nemi mu koma tare. Ya ce motocin Sin na nan tafe ƙasarmu da yawa, wanda ya fara sanin su zai ci abinci. Shi ya yi gyara, ni in riƙe kayan gyara. Na ce ya ba ni shekara biyu in ƙarasa gini. Bai yi mini gardama ba, ya ce Allah ya kai mu. Wata goma sha huɗu da komawarsa hawan jini ya kayar da shi a rumfar da ya buɗe a bakin titin Gusau. Ina cikin cunkoso aka kira ni. Kafin in gama rabon ranar an kai shi makwancinsa.

Yau motar da nake tuƙawa ta wannan kamfanin na Sin ce, amma ta lantarki. Ba kulochi, ba juyen mai, ba ƙarar da mutum zai saurara ya gane ciwonta. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin zai yi kwana biyu yana fushi, rana ta uku a same shi a ƙarƙashinta. Titunan Doha sun cika da motocin Sin, waɗanda suka yi mana dariya su ne ke tuƙa su yanzu, kuma ƙannena sun ce a gida ma haka abin yake komawa. Ya hango daidai. Ni ne na makara, shekara biyun da na roƙa ta zama bakwai, ginin ya ƙare tuntuni, ga ni nan har yanzu.

In na auna abin da ya bari, ba gida ba ne ba fili ba. Mu shida ne da muka ci gaba da ciyar da iyalanmu, da 'yata Hauwa da aka haifa ina da aiki a hannu, da wasu makanikai a Sanaiya da har yau in na ce ni ƙanen Dahiru ne sukan ajiye sifana su miƙo hannu biyu.

Jiya na kira matarsa, Anti Hadiza, muka yi masa addu'a. Kafin mu ajiye ta ce wani maƙwabci ya sake zuwa neman ta sayar masa da akwatunan kayan aikin Yaya, ga su nan sun cika mata ɗaki, tsatsa ta fara kama wasu. Na ce kada ta sayar, nawa ne, ina zuwa.

Ta ce, "To, Nasiru. Yaushe?"

Na buɗe baki zan ce shekara biyu, sai na rufe. Allah ya jiƙan Yaya Dahiru. Na ce mata zan kira ta ranar Juma'a da amsa, yau kuwa Laraba ce.