Ranar da Ofis Ya 'Yanta Bawana

Na yi shekaru ina da bawa a ofishinmu na Azare, shi ma ya yi shekarun nan yana gaya wa duk mai saurare cewa ni ne nasa. Ni Bafulatani ne daga wajen Chinade. Shi Babarbare ne, mai kula da sito a wani shiri na tallafa wa manoma da muke yi wa aiki. Kullum da safe in na kafe babur a gindin darbejiya, tun kafin in sauke jaka zan ɗaga murya in ce, "Ina bawan nan ya shiga, bai zo ya karɓi kayan ubangidansa ba?" Daga cikin sito, tsakanin buhunan taki, sai ya amsa, "Wa ya bar wa ɗan daji ƙofa a buɗe? Ku duba ƙafarsa, kada ya shigo mana da kashin shanu."

Haka muka tarar iyaye da kakanni suna yi, Fulani da Barebari, kuma mai hankali ba ya shiga tsakani. In na ce an tsaga masa fuska ne don kada ya ɓace mini a kasuwa, sai ya ce Bafulatani zai tara shanu cike da daji ya mutu bai san ɗanɗanon nama ba. A cikin wannan zagin muke yin duk maganarmu ta gaskiya. Lokacin da matarsa ta yi ɓari ba daga bakinsa na fara sani ba. Na zage shi ne da safe, ya ce mini "sannu da zuwa" kawai, nan take na san ba lafiya. Na bi shi sito na tura ƙofa, muka zauna a kan buhu har ya faɗa mini.

Abin ya lalace ne ta dalilin wani, ba mu ba. Muna da wata ma'aikaciya Kirista daga kudancin Bauchi, mai kula da ƙungiyoyin mata, mutuniyar kirki, Madam muke ce mata. Wata rana akawunmu, mutum mai bakin tsiya, ya jefe ta da kalmar nan da wasu ke jifan wanda ba Musulmi ba da ita, a gaban manoma kuwa. Ta shiga ofis ta yi kuka. Wallahi ranar nan, da an bar ni da shi da sai an raba mu. Abin da ya kamata a yi a fili yake: a kira shi, a wanke shi tas, ya ba ta haƙuri a inda ya ci mata mutunci. Amma sabon manajanmu, matashi mai ilimi da aka turo daga babban ofis, ba ya son a ce an ware mutum ɗaya. Sai ya tara mu gaba ɗaya, mai laifi da marasa laifi, aka ɗauko masu bita daga nesa, aka zaunar da mu a ɗakin taro ana koya mana magana, mu da furfurarmu.

Mun ƙaru, ba laifi. Babu makaho, sai mai lalurar gani. Babu talaka, sai mai ƙaramin ƙarfi. Ba a ambaton ƙabilar mutum ko da wasa, musamman ma da wasa. Na gwada sabon ilimin a kan wani makahon manomi da ya zo daga Bulkachuwa karɓar iri, na kira shi mai lalurar gani. Ya karkata kai wajen muryata ya ce, "Malam, lalura tun ina yaro ta wuce, yanzu makanta ce. Ba ni irina in tafi."

Aka kafa kwamitin ladabin harshe. Wa aka ba shugabanci? Akawun nan. Shi ya fi kowa saurin haddace sabbin kalmomin, shi ya fi ɗaga hannu a wajen bita, har masu bitar suka yaba masa. Bai sake kiran Madam da waccan kalma ba, wannan kam gaskiya ne. Sai ya koma ce mata "'yar'uwarmu mai bambancin aƙida", yana jan maganar a baki yadda kowa zai ji tsohuwar kalmar kwance a ƙarƙashi. Haƙuri dai har yau bai ba ta ba.

Ni kuwa ba a daɗe ba na faɗa hannu. Ranar da baƙi suka zo daga masu ɗaukar nauyin shirin, na manta, na kafe babur na yi kiran da na saba. Ɗaya daga cikin baƙin yana jin Hausa sama-sama, ya tsinci kalmar bawa, ya nemi bayani. Manajan ya san wasan sarai, a ƙasar nan ya tashi, na tabbata kakarsa ma tana yi. Amma ya ce abu ne da ba ya bayyanuwa a rahoto. Aka gurfanar da ni gaban kwamiti, aka kira mutumina a matsayin wanda aka zalunta. Manaja ya ce masa ya saki jiki, ba mai taɓa shi, ya faɗi yadda ya ji a ransa.

Ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji zafi ƙwarai. Shekara da shekaru ina ciyar da wannan bawa, yau ya tashi a gaban baƙi yana cewa shi ne ubangida."

Na yi dariya har da ƙwalla. Ba wanda ya taya ni. Muka fito kowa da gargaɗinsa, mai laifi da wanda aka zalunta, da sharaɗin in aka sake ji aiki ya ƙare.

Mutumina saura kaɗan ya yi ritaya, ga 'ya'ya mata a makaranta. Shi ya same ni a gindin darbejiya ya ce mu bari, muka bari. "Ina kwana, abokin aiki." "Lafiya lau, abokin aiki, ya hanya?" Kamar mutum biyu da suka haɗu a layin banki. Na zaci abin zai tsaya a ofis, ina. A kasuwa, a wajen ɗaurin aure, har a ƙofar masallaci, in na buɗe baki sai in tsinci kaina ina waiwaye. Hira ta ƙafe tsakaninmu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da sauran hanyar sanin halin da yake ciki. A da, in ya amsa mini da ladabi na san akwai matsala. Yanzu kullum da ladabi yake amsawa. Ya yi ta ramewa a gabana, ina ce masa ya ƙoƙari, yana ce mini alhamdu lillahi.

Madam ce ta gaya mini an kwantar da shi a asibiti, ciwon suga ya taɓa masa ƙoda. Ofis ya tura tawaga: manaja, akawu, Madam da ni. Na same shi ana masa ƙarin ruwa, tsagen fuskarsa sun nutse cikin rama. Maganar da ta fara zuwa bakina ita ce in ce ya kwanta ne don gudun aikin ubangidansa. Na dubi akawu, na haɗiye ta. Na ce, "Sannu, Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Duk ofis muna kewarka." Manaja ya gyaɗa kai, ya ji daɗin kalamaina. Mutumina ya daɗe yana kallona, sannan ya juya fuska bango.

Washegari da hantsi matarsa ta kira ni a waya. Ta ce, "Malam, me ka gaya wa mutuminka jiya? Tun da kuka fita bai sa komai a bakinsa ba. Ya ce a kira masa ƙaninsa zai bar wasiyya."

Na ce addu'a kawai na yi masa.

Ta ce, "To ita ce. Ya ce a ofis ya san dalili. Amma Bafulatanin da zai zo har bakin gadon asibiti ya kira shi Malam, to likita ya gaya masa abin da ake ɓoye masa ne."

Na bar abin da nake yi na hau babur. Madam, da ke kusa da ni a ofis ta ji komai, ta tari keke ta biyo ni. Muna shiga ɗakin sai ga akawu a tsaye, ya kawo gudummawar ofis, yana neman wanda zai ɗauke su hoto da marar lafiya. Kwanon kunu na gefen gado ya huce har ya yi fata. Mutumina bai juyo ba. Na tsaya kamar an dasa ni, ga aikina a gefe guda, ga bayan mutumin nan da ya koma kamar na yaro. Madam ta matso, ta yi magana a hankali amma yadda kowa zai ji. Ta ce, "Malam, don Allah ka zage shi. Ni aka ce ana karewa, to ni na ce ka zage shi."

Na ce, "Kai bawa, tashi. Wa ya ba ka izinin mutuwa? Ban gama morarka ba. Kana nan kwance ana ɗura maka ruwa kamar ɗan maraƙi, gonata ko noman fari ba a yi ba."

Can sai na ga kafaɗarsa tana motsi. Ya juyo da ƙyar, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce wa matarsa, "Hajiya, miƙo mini kwanon nan, ɗan daji ya shigo. Yunwa ce ta kawo shi, ba zumunci ba." Matar ta rufe baki da mayafi, ban san dariya take yi ko kuka ba. Ya shanye kunun tas, wai don kada in samu.

Akawu ya yi aikinsa, rahoto ya isa inda ya kamata. Ba a kore ni ba, don Madam ta shiga wajen manaja ta rufe ƙofa, kuma har yau ba ta gaya mini abin da ta ce masa ba. An dai mayar da ni reshenmu na Jama'are, wai don in samu sabon yanayi. Mutumina ya fito daga asibiti, ya yi ritaya. Hanyata ta Jama'are dole ta bi ta Azare, don haka kullum sai in tsaya a ƙofar gidansa in yi kira ba tare da na kashe babur ba, shi kuma ya amsa daga zaure. Mun rama duk zagin da aka hana mu, har da ƙari.

Ya rasu a daminar da ta biyo baya. A zaman makoki na zauna a tabarma, idona a bushe. Mutanen ofis suka zo, aka yi kalamai masu tsafta. Akawu ya ce marigayi abokin aiki ne mai mutunta bambance-bambance. Na yi ta amsa amin ban ji komai a raina ba, har na fara jin haushin kaina. Sai wani tsoho, kawun marigayin da ya zo daga Borno, mai tsage irin nasa, ya nuna ni da sanda ya tambayi ƙanin mamacin, "Wannan ne Bafulatanin?" Aka ce shi ne.

Ya ce, "To a sa shi cikin kayan gado. Kada a bari ya gudu daji, marigayi ya sha wahala a kansa."

Na buɗe baki in rama. Ina da amsa a shirye, irin wadda mutumina zai so. Kuka ne ya riga ta fita. Na ja hannun riga na rufe fuska, tsohon ya matso ya dafa kaina yana cewa, "Yi shiru, bawa, mun karɓe ka."