Mesa a Gidan Baduku

A yanzu idan yarinya a unguwarmu ta Nima ta ce aikin kula da namun daji take so, tambayarta ake yi wace makaranta za ta shiga. A zamaninmu ba haka ba ne. Sana'o'in da muka sani a Zango ba su da yawa: fataucin goro ko shanu, ɗinki, tuƙi, ko zama gaban malam har mutum ya zama malam. Dabbar daji kuwa hanya biyu take shigowa unguwa, ko a ƙyafe don masu miya, ko fatarta don dukawa.

Ni goro ne ya yawata da ni. Na zauna a Kumasi da Abidjan da Yamai da Kano, na tsinci Tonanci, yaren mutanen Kumasi, da Zabarmanci da ɗan Faransanci a hanya. Ƙanena kuwa bai taɓa nisa da gida ba. Baduku ne, shagonsa na ƙofar gidanmu na gado, ba nisa da babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi. Yana ɗinka jaka da takalmi da kube, amma abin da baƙi Turawa suka fi nema a wurinsa shi ne kayan fatar mesa. Maharban arewa ke kawo masa macizan, da ransu, a buhun fulawa, domin idan aka feɗe su tun a can fatar takan lalace a hanya. In sun zo ba su same shi ba, sai su tura buhun ƙarƙashin bencin ƙofar shago inda akwai inuwa, su tafi neman abinci. Kowa a gidan ya san ɗaurarren buhu a ƙarƙashin bencin nan aikin maigida ne.

A ƙarshen shekarun 1980 'yarsa ta biyu ta gama sakandare. Tun tana makaranta ta shiga ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar namun daji, da ta gama kuma sai ta riƙa bin wata jami'ar kula da namun daji zuwa makarantun firamare, suna koya wa yara sanin dabbobi. Wata rana aka ce an ba ta gurbin horo a babban gandun daji na arewa, kuma in ta gama aiki na jiran ta. In ba ta bi motar da aka sa musu ba, wani za a ba.

Ta gaya wa uwarta, uwarta ta gaya mini, ni kuma na kai maganar shago. Haka magana ke tafiya a gidanmu.

"Yaya, ka ga abin da boko ke jawowa?" in ji ƙanena, bai ko ɗaga kai daga ɗinki ba. "'Yata za ta zama gardi."

"Ba gardi ba, malama."

"Malamar macizai! To masu zuwa da kura daga Najeriya suna kaɗa ganga a bakin kasuwa, su ma shehunai ne ke nan."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Da ya ajiye basilla sai ainihin maganar ta fito. Ya ce za ta tsaya gaban 'ya'yan mutane ta ce musu mai feɗe mesa mugu ne, yaran kuma sun san ko 'yar waye. Ya ce da fatar nan aka ciyar da ita, da ita aka ɗinka mata kayan makaranta, yanzu za ta je ta koyo yadda za ta ji kunyarsa.

Na ba shi labarin abin da idona ya gani. Ina saurayi, a hanyar Dosso zuwa Yamai, mukan hangi raƙuman dawa daga kan lodin goro, daga baya sai mu yi ta wucewa ba mu ga ko ɗaya ba. A ƙasar Kwaddibuwa na kwana a dazukan da birai ke hana mutum barcin rana, na koma na tarar da gonakin koko. Ya saurare ni har na gama, saboda ni ne babba, sannan ya ce, "Kai ka ga duniya, Yaya. Ni fata na gani." Ya ɗauki basillarsa.

A gidanmu ba mai fita neman aiki sai uba ya zaunar da shi gaban dattawa, ya ɗora masa hannu a ka, an shafa Fatiha, an raba goro. Na ce wa yarinyar ni ma ubanta ne, zan iya yi mata. Ta durƙusa ta ce, "Baba Alhaji, na gode. Amma in ba hannunsa ba ne, gara in haƙura." Ranar tafiya na matsowa, uban na amsa gaisuwarta da kalma ɗaya ya juya kai.

Ana saura kwanaki kaɗan, wata Alhamis, jami'ar ta ba ta amanar mesar da suke koyarwa da ita, domin washegari da sassafe za su haɗu a wata firamare a Kanda. Ƙaramar mesa ce, irin wadda ba ta girma sosai. A buhun fulawa ta kawo ta, don a cikinsa suke ɗaukar ta. Uwarta ta ce, "Ei! Wallahi ba a ɗakina ba." Yarinyar ta fito da ita tsakar gida, ta nuna wa yara da matan haya, har masu ƙarfin hali suka shafa ta. Sannan ta mayar da ita ta ɗaure buhun, ta nemi wuri mafi sanyi a gidan, ta tura shi ƙarƙashin bencin ƙofar shago, ta ɗauki bokiti ta tafi famfo. A nan ta girma, ta san abin da wurin yake nufi, amma ranar hankalinta na kan inuwa kawai.

Ni da ƙanena muka dawo daga la'asar ba mu san komai ba. Ya ga buhu, ya ce maharba sun iso. Ya jawo dutsen washi ya fara gyara wuƙa, ni kuma na zauna ina ɓare goro. Ya kwance bakin buhu ya zura hannu. Mesar ta fito a dunƙule kamar curin fura, ta ɓoye kanta a tsakiya.

"Dubi abin da suke kawo mini yanzu," in ji shi, yana auna ta a tafin hannu. "Wannan ko walat ba za ta yi ba."

Ya miƙa hannu ga wuƙa. Wata Batoniya mai sayar da kenke, tuwon masara na ƙulli, da ke haya a gidan ta leƙo, ta saki murfin tukunya, tana ihu da Tonanci a bari, a bari. Kafin ka ce me, yaran gidan sun kewaye shi, kowa na magana lokaci ɗaya, da Hausa da Tonanci da Turanci.

"Baba, ta Anti ce!"

"Ba ta da dafi!"

"Ɓeraye take ci, Baba, ɓerayen kwata!"

"Tsoro take ji, shi ya sa ta dunƙule!"

Ya daka musu tsawa, suka ja baya taku ɗaya, amma ba wanda ya tafi. Ana haka yarinyar ta iso da bokiti a ka. Ta ga wuƙa, ta ga mesa. Ta sauke ruwan a hankali, ta durƙusa.

"Baba, amana ce aka ba ni."

Wuƙar na hannun dama, mesar na hagu. Da hayaniya ta lafa sai ta fara warwarewa, ta fito da kai, ta naɗe masa tsintsiyar hannu a sanyaye tana ɗanɗana iska da harshe. Tun yana yaro yake riƙe macizai, amma ban taɓa ganin ya bar wata ta daɗe haka a hannunsa ba.

"Me kika gaya wa yaran nan a kaina?" ya tambaye ta.

"Na ce musu a shagonka na fara ganin kyan zanen bayanta. Ban ce komai ba ban da wannan."

Ya dubi yaran, suka gyaɗa kai. Ya ajiye wuƙar a kan benci. Ya juyo gare ni ya ce lokacin da ya fara aiki gaban mahaifinmu, akan shanya fata guda ta kai daga ƙofar shago har bangon maƙwabta, yanzu shekara da shekaru kullum ƙanana ake kawowa. "Na ɗauka maharba ne suka yi lalaci," in ji shi.

Sai ya koma faɗa, abin da ya fi iyawa. "Ke kuma wace irin malama ce? Wa yake sa amana a buhun fulawa, ya ajiye a ƙofar baduku? Su ofishin naku ba su da hankali ne?" Batoniyar ta fashe da dariya, uwar yarinyar ta ce ita dai a fitar mata da abin daga gida.

Washegari bai karɓi aikin kowa ba. Ya zaɓi jar fatar akuya mai laushi, ya yanka, ya ɗinka jaka, ya yi mata shafi da farin yadi, ya huda ƙananan kafofin shan iska a jere, ya sa maɗauri mai ƙarfi. Ya ce a kai wa jami'ar, a gaya mata daga yau a nan mesar za ta riƙa tafiya.

Ranar Lahadi bayan azahar ya sa aka kira dattawan layi. Ya zaunar da 'yarsa a tabarma, ya ɗora mata hannu a ka, ya daɗe bai ɗauke ba. Liman ya tambayi wane aiki za a sa wa albarka. Ƙanena ya yi gyaran murya ya ce, "Koyarwa." Aka shafa, aka raba goro. Ni na raka ta tashar mota da ke Circle, shi ya ce yana da ɗinki.

Bai bar sana'arsa ba. Ya ƙarar da fatun da ke rataye a shago, ya sallami maharba, wasu masu saye suka koma wani wuri, kuma ya yi ta mita a kan haka har ƙarshen rayuwarsa. Daga baya ya ƙera ƙarfen da yake buga zanen ɓawon mesa a fatar akuya, ya samu masu so. Yarinyar ta dawo ta yi shekaru tana zaga makarantu daga Adabraka har ƙauyukan bakin teku, kuma na san yaran Zango da suka bi sawunta, wani yana gadin gandun daji, wata tana koyarwa kamar ita. Tun daga Alhamis ɗin nan ba a sake yanka mesa a ƙofar gidanmu ba.