Na Raba Maganin Ɗiyata ta Fari

A shekarun da jam'iyyu suka fara kafa tutoci a Maraɗi, ni mai tuyar ƙosai ce a bakin titi, kuma taƙamata guda ce: ba a taɓa kirana marowaciya ba. Ko gishiri ya rage cokali ɗaya, in kin miƙo hannu sai mun raba. Ga ni kuma da kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ɗiyata ta fari tana da shekara goma sha biyar a lokacin, amma ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" kawai nake ce mata. Ina sonta kamar raina, sai dai in ta kawo sakamako mai kyau daga lakwal, wato makarantar boko, kau da kai nake yi, ita kuma ta yi murmushi don ta san halina. Waɗannan halaye biyu da nake alfahari da su, su suka haɗu suka kai ni inda nake yau.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ita, ga ciwon kai ga ciwon ciki. Lokacin ma'aikata yau yajin aiki gobe yajin aiki, amma muka yi sa'a muka samu lokotoro a gidan likita. Ya ce taifot ne, ana ɗaukarsa daga ruwa ko abinci marar tsabta. Ya rubuta farin kafso na sati biyu, ya ja mini kunne cewa ko ta tashi tana tsalle kada a daina sai ya ƙare. Mahaifinta ya sayo shi cif, ya damƙa mini, ya koma gonarsa a Jiratawa.

Kwana biyar jikinta ya yi sanyi, har ta nemi fura. Ran nan ƙanwar mijina ta zo daga Tsibiri, ta ce tata ɗiyar ma zazzaɓin ke damunta. Ta hango maganin a kan kwalla, ta ce in ɗibar mata. Na ce lokotoro ya hana. Sai ta ƙyalƙyale da dariya, wai ashe boko ya shigo gidan yayanta, har uwa na rowa saboda ɗiyar fari, saura gobe a ji ina rangaɗa mata suna a tsakar gida. Wasa take yi, irin wanda muka saba, amma maganar ta soke ni. Na juye mata fiye da rabi a gefen zane. Ɗiyata na kwance a tabarma tana kallonmu, har ta ce in ba gwaggon tata, ai ita ta ji sauƙi. Abin da ya rage ya ƙare cikin kwana biyu, ban kuma gaya wa mahaifinta ba.

Bayan sati biyu zazzaɓin ya dawo, ya fi na farko zafi. Kunya ta hana ni komawa wurin lokotoro, don na san abin da zai tambaya. Sai na riƙa sayen farin kafso wurin masu talla a tire, yau uku gobe biyu. Kwana goma ko gezau ciwon bai yi ba. Ranar da cikinta ya kumbura ya yi tauri kamar katako, na aika aka kira mahaifinta muka kai ta.

Lokotoro ya tambaya ko ta shanye maganin farko. A gaban mijina na faɗi gaskiya. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce in aka yanke magani, ƙwayoyin cutar masu taurin kai ne ke saura, kuma yadda gari ke shan kafso kamar gyaɗa ya sa tsohon maganin ya daina yi wa mutane da yawa aiki. Akwai sabo na allura, amma ba shi a hannu. Ya ce hanjinta ya huje, sai an yi mata aiki. Aka yi aikin, washegari mahaifinta ya tsallaka iyaka neman allurar. Da la'asar ya dawo da ita a aljihu, ɗiyata kuwa tun azahar ta cika.

Ɗiyar ƙanwar mijina ta rayu, bayan ita ma sai da aka kwantar da ita. Ban riƙe uwarta a rai ba, hannuna ne ya juye maganin. Na san kwana ya ƙare ba makawa, amma Allah bai ce mu yi sakaci ba. 'Yan uwana mata, magani ba tuwo ba ne da za a yi kara da shi. In an rubuta na sati biyu, a sha na sati biyu. In maƙwabciya ta roƙa, ki raka ta gidan likita, ta ce miki marowaciya, ba komai.

Abin da har yau yake hana ni sukuni shi ne wannan azahar ɗin. Da na ga ta yi shiru, na kira sunanta da ƙarfi har sau uku, matan ɗakin duk suka waiwayo. Shi ne karo na farko da sunan ya fito daga bakina, kuma ba ta amsa ba.