Lakar Gonar Maƙwabcina

Da sunan Mai jinƙai nake buɗe wannan tuni.

Shekarar da aka haifi jikata ta fari a Bauchi, motata ta kama wata irin rawa. A cikin gari lafiya lau take tafiya, daga unguwar Abattoir inda muke zaune har kasuwa. Amma da zarar na hau babban titi na taka mai, sai ta fara karkarwa kamar hannun tsoho riƙe da alƙalami. In na sassauta, ta daina.

Da ni kaɗai ne, da na haƙura. To amma mahaifiyata ta ce sunanta za a sa wa jaririyar, kuma ko da rarrafe sai ta je. Ga ta da ciwon baya, wanda ko gargada kaɗan aka shiga da ita sai ta kwana tana nishi. Likita ya ce in motar za ta jijjiga ta, gara ta zauna a gida. Ban san da bakin da zan faɗa mata haka ba.

Na kai motar gareji. Aka daidaita tayoyin gaba, aka duba birki da ƙafafu, aka ce ta warke. Na fita Titin Bauchi na gwada, tana nan da halinta.

Ana jajibirin suna, da hantsi, maƙwabcina ya same ni tsaye a kanta. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, dattijo a cocinsu, ya koma noman dankali. Tun muna samari muke tsokanar juna.

Ya ce, "Malam, ka tofa mata addu'a mana. Ko mota ba ta jin Larabci?"

Na ce, "Oga, bar wasa. Inna ce damuwata."

Nan take ya daina dariya. Ya ce, "Ina Mama za ta zauna? Baya? To ni ne Mama yau. Mu je."

Ya shige kujerar baya, ya harɗe hannuwa, har da maƙe murya yana cewa in tuƙa a hankali, ɗan nan. Muka wuce jami'a, gari ya ƙare, duwatsu suka buɗe. Na taka. Rawar ta taso.

Ya ce, "Sitiyari yana girgiza a hannunka?"

Na lura da kyau. Na ce, "A'a, kaɗan ne."

"To ni nan haƙorana suna tafi! A ƙarƙashina yake, gefen dama. Kai kullum a gaba kake, shi ya sa ka ce a duba gaba."

Muka tsaya a bakin hanya. Muka durƙusa, tsofaffi biyu da tumbi, muna leƙen bayan taya. Na zura hannu ta cikin ƙarfen da tayar ke zaune a kai, na ji wani dunƙule a gefe guda, ya bushe kamar tubali. Na ɓantaro kaɗan. Jar laka ce mai danƙo. Nauyinta ne ke rinjayar tayar in an yi gudu.

Na miƙa masa. Ya murza ta, ya sunsuna, sai ya fashe da dariya har da zama a ƙasa. Ƙasar gonarsa ce ta bayan unguwar Rayfield. Da damina na raka shi kwasar dankali, motar ta kafe a gefen nan.

Ya ce, "Duk Juma'a kana wanke motan nan, ashe fuska kawai kake wanke mata. Ku da kuke cewa a tsettsefe yatsu in ana alwala!"

Na ce, "Gonarka ce ta biyo ni gida. Sai ka zo ka kwashe kayanka."

Shi ya kankare da kansa, ni ina zuba ruwa daga buta. Da muka juyo, motar ta miƙe sumul. Na yi hamdala da ƙarfi, shi ma ya ja waƙar yabo ta cocinsu, muka shigo gari a haka.

Washegari Inna ta zauna a baya da carbinta. Ina ta satar kallonta ta madubi, ina jiran nishi. Kafin mu gangara daga tsaunin da garinmu yake kai barci ya ɗauke ta. A ƙofar gidan suna ta farka, ta ture hannuna, ta sauko da ƙafarta.

Ta ce, "Matsa mini. Ina takwarata?"